Auna Matsin Hayaƙi a Salansar Motar Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Ba a rasa mai kawo mini mota mai ƙarfi ya ce ta daina ja kamar da, kuma kafin ya iso wurina an riga an yanke masa hukunci: salansa ce ta toshe, a fasa indomi a zubar. Wani lokaci maganar gaskiya ce. Sau da yawa kuma ba ita ba ce, a yi asarar kaya mai tsada, mota tana nan yadda take. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne geji ɗaya da ɗan tiyo sun isa su raba wannan gardama kafin a kira wata salla. Ga tambayoyin da masu motoci da yaran gareji suka fi yi mini, da amsoshin da nake ba su.

Malam, mene ne ma wannan matsin hayaƙin da ake magana?

Duk lokacin da fetur ya ƙone a silinda, fistin ne ke tasowa ya tura hayaƙin waje ta bawul. Daga nan hayaƙin zai bi manifol, ya ratsa turbo (fankar da hayaƙi ke juyawa don a tura wa inji ƙarin iska) idan motar tana da shi, ya ratsa tukunyar tace hayaƙi wadda makanikai ke kira indomi, ya bi bututu da kwana-kwanarsa, ya shiga tukunyar kashe ƙara, sannan ya fita. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗan tare masa hanya. Abin da ya taru na wannan tarewa shi ne matsin hayaƙi, kuma fistin ne ke biyan kuɗinsa da ƙarfin da ya kamata ya kai ga taya.

Asarar kashi biyu ce. Ta farko ita ce wahalar turawa. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: hayaƙin da bai samu ya fita ba yana maƙalewa a silinda, ya cinye wurin sabuwar iska, ya kuma ƙara mata zafi. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, ƙwaƙwalwar mota ta ji ƙwanƙwasar, ta ja wutar fulogi baya don ta ceci inji, ƙarfi ya sake raguwa.

Wace alama ce za ta sa in fara zargin salansa?

Mota ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, ta yi yawon cikin gari ba matsala, amma da ka buɗe mata wuta sai ta cije. Allurar juyin inji ta kai wani wuri ta ƙi wucewa, ko ta riƙa hawa da ƙyar. A kan hawa irin Hawan Kibo abin ya fi fitowa fili, haka nan wurin wuce babbar mota. Shan mai ya ƙaru, ƙasan mota ya yi zafi fiye da kima, giya mai canza kanta ta riƙa jinkiri saboda ƙafarka ta nutse a totur amma gudu bai zo ba. A motar turbo kuma za ka ga turbo ya makara wajen cika.

Sai dai ka sani, famfon mai da ya gaji, matatar mai da ta cushe, sensar iska da ta yi datti, duk suna ba da alamomi masu kama da waɗannan. Shi ya sa alama ba ta isa hujjar kunna injin yankan ƙarfe ba.

Waɗanne kaya nake buƙata?

Don gwajin farko: geji mai karanta ƙaramin matsi, daga 0 zuwa psi 15 (psi ma'aunin matsi ne), da tiyo mai jure zafi, da mahaɗin da zai shiga ramin sensar iskar oksijin. Zaren wannan rami a kusan duk motocin zamani M18 x 1.5 ne, sensar kuma da soket mai tsaga na milimita 22 ake kwance ta. Ana sayar da kayan a haɗe, amma mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya huda tsohuwar sensa da ta mutu ya maƙala mata bakin tiyo, ta yi aiki daidai.

Kada ka ɗauko gejin auna kwamfureshan ko na taya. Gejin da ke kaiwa psi 300 ba zai nuna maka bambancin psi 1 da psi 3 ba, kuma a wannan ɗan tsakanin duk maganar take. Idan gejinka da wani ma'auni yake karatu: psi 1 kusan kPa 7 ne, bar 1 kuma psi 14.5 ne.

Yaya ake yin gwajin a tsaye, kuma nawa ya kamata in gani?

Ka sassauta sensar tun inji yana da ɗumi-ɗumi, ba yana tafasa ba, ba kuma ya huce sarai ba, domin a lokacin zaren ya fi sakin jiki. Wadda ke gaban indomi za ka cire, wato mafi kusa da inji. Ka ɗaura mahaɗin, ka nisanta tiyon daga manifol da fanka, ka tayar da mota ta kai zafinta na aiki. Ka karanta a silo. Sannan ka ɗaga ta zuwa rpm 2,500, wato juyi 2,500 a minti, ka riƙe na rabin minti, ka sake karantawa. Daga ƙarshe ka ɗan fizgi totur sau ɗaya ka ga inda allura ta kai da kuma saurin dawowarta.

Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce: a silo kada ya wuce psi 1.5, a rpm 2,500 kada ya wuce psi 3. Salansa mai lafiya yawanci ba ta ma kusantar waɗannan lambobi, allura da ƙyar take barin sifili a silo. Idan littafin kamfanin motarka ya ba da nasa adadi, shi ne gaba. Abin da nake so ka fi sa wa ido shi ne allurar da ke ci gaba da hawa alhali ƙafarka ba ta motsa ba. Wannan hayaƙi ne ke taruwa ya rasa mafita.

Fitilar cek za ta kama saboda an cire sensa, ba abin damuwa ba ne, a goge bayan an mayar. Kuma a waje za a yi wannan aiki ko a rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Gubar da ke cikin hayaƙin mota ba ta da wari ba ta da launi, ta kashe mutane a rufaffen gareji.

Na yi wannan gwajin, na samu psi 1 kacal, amma motar har yanzu ba ta ja. Ke nan salansa ta fita daga zargi?

A'a, ɗan'uwa, kuma wannan ce amsar da na fi so kowa ya riƙe a duk shafin nan. Gwajin tsaye an yi shi ne don kama indomin da ya kusa rufewa ruf. Ba a yi shi don motar da ake neman kowane doki a cikinta ba.

Dalilin shi ne yawan iska. Inji mai lita 2 da ke juyi 2,500 ba giya ba kaya, totur ɗinsa kusan a rufe yake, iskar da yake sha ba ta fi giram 10 a daƙiƙa ba. Wannan injin dai, idan mai turbo ne yana ba da doki 250, a ƙarshen ƙarfinsa yana shan wajen giram 200 a daƙiƙa. Ninki 20 ke nan, kuma hayaƙin ya fi zafi, ya fi kumbura. Matsi kuwa ba ya bin yawan hayaƙi kafaɗa da kafaɗa, gaba yake yi ya bar shi: idan hayaƙi ya ninka biyu, matsi a bututu yana kusan ninkawa huɗu. Saboda haka salansar da ta nuna maka psi 1 a tsakar gareji tana iya nuna psi 10 ko fiye a giya ta uku da totur a ƙasa. Kamar magudanar ruwa ce a unguwa: yayyafi ba ya tona asirinta, sai ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

To idan motarka irin su Golf GTI ce, ko BMW 335i, ko Lancer Evolution, ko Mustang GT, kuma tambayarka ita ce ko salansa na danne mata ƙarfi, dole a auna ta tana ɗauke da kaya, daga juyi na ƙasa har kusa da jan layi. A motar da ba ta da turbo, salansar kamfani mai lafiya takan kai psi 5 zuwa 8 a ƙololuwar ƙarfi, domin kamfani ya yi sulhu ne tsakanin ƙarfi da shiru da dokar hayaƙi. Salansar da aka tsara don gudu ana so ta tsaya ƙasa da psi 3.

Yaya zan auna mota tana tafiya ba tare da na ƙona tiyo ko inji ba?

Abu na farko, kada ka cire sensar gaba ka je ka buɗe wa mota wuta. Yawancin motocin gudu na yanzu da wannan sensa suke daidaita fetur har a cikakken totur, musamman masu turbo. Ka makantar da ƙwaƙwalwar mota a daidai lokacin da ta fi buƙatar ido, kana iya narkar da fistin. A kai wa mai walda ya huda bututu ya maƙala ƙaramin mazauni na daban, mai zaren 1/8 NPT, gaban indomi. A yi shi a rabin bututu na sama don kada ruwan da ke taruwa ya gangara ciki, ya tsaya a miƙe da jikin bututu, kuma bakinsa kada ya leƙa ciki. Bakin da ya leƙa ya fuskanci hayaƙi yana ƙara wa karatu, wanda ya juya masa baya yana ragewa.

Abu na biyu, zafi. Hayaƙin injin fetur kafin turbo yana kaiwa digiri 900 a ma'aunin Salsiyas, ba robar da za ta jure. Ana fara da siririn bututun jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawon santimita 60 zuwa mita 1, a naɗe shi kamar igiya don ya huce, sannan a haɗa tiyo. Naɗin yana da wani amfani: yana shanye girgizar inji don kada bututun ya tsage daga gindi.

Idan geji mai allura ne, a ɗaure shi a waje jikin gilashin gaba, kada a shigo da tiyon hayaƙi cikin mota. Mutum biyu ne aikin: ɗaya ya tuƙa idonsa a hanya, ɗaya ya ɗauki bidiyon geji da allurar juyin inji tare. Mafi kyau dai a yi a kan na'urar daino, wadda ke gwada ƙarfin mota tana wuri ɗaya, ko a rufaffen fili. Ba na goyon bayan a yi wannan a titin da jama'a da 'yan makaranta ke bi, ko kaɗan.

Mai ƙwaƙwalwar mota irin ta Haltech, Link ko MoTeC aikinsa ya fi sauƙi. Ya sa sensar matsi mai ba da bolt 0.5 zuwa 4.5, ya haɗa ta, a riƙa rubuta matsin hayaƙi gefe da gefe da juyin inji da matsin iskar da turbo ke tura wa inji. Layin da aka zana ya fi lamba ɗaya faɗin gaskiya, don yana nuna maka a wane juyi ne abin ya fara tashi.

Motata mai turbo ce. A ina zan huda, gaban turbo ko bayansa?

Wurare biyu ne, tambayoyi biyu ne daban, kuma haɗa su shi ke rikita mutane.

Bayan turbo, a bututun da ke saukowa daga gare shi, kana auna abin da salansa kaɗai ke tarewa: indomi, bututu, tukwane. A nan duk abin da ka rage riba ce. Gaban turbo kuwa, a manifol, kana auna matsin da ke juya fankar turbo. Wannan dole ya kasance, don da shi turbo ke aiki. Ba a neman ya zama sifili, ana neman kada ya fi ƙarfin abin da yake samarwa.

Ga inda suka haɗu. Fankar turbo da ninki take aiki, ba da ragi ba. A ce a wani juyi tana buƙatar matsin gabanta ya ninka na bayanta sau 2.5. Iskar duniya a gaɓar teku psi 14.7 ce. Idan bayan turbo a buɗe yake sarai, gabansa zai zama 14.7 sau 2.5, wato kusan 36.7, geji ya nuna maka 22. Yanzu a ce salansa ta tare psi 4. Bayan turbo ya zama 18.7, a ninka da 2.5, ya zama kusan 46.7, geji ya nuna 32. Psi 4 a baya ya haifi psi 10 a bakin bawul. Wannan ne ya sa motar turbo take amsa gyaran salansa fiye da wadda ba ta da shi, ya kuma sa indomi mai rabin toshewa yake galabaitar da ita tun kafin gwajin tsaye ya ga komai.

A kula da wuri: a yawancin motoci sensar gaba tana bayan turbo ne, to ramin nata matsin salansa zai ba ka. Amma a Subaru WRX STI mai injin EJ, sensar tana kan manifol, gaban turbo. Wanda bai lura ba zai ga babbar lamba ya ɗora wa indomi laifin da ba nasa ba. Gaban turbo kuma gejin psi 15 bai isa ba, a nemi mai kaiwa 60 ko 100. Idan turbon mai hanya biyu ne a bakinsa, kowace hanya da nata karatun.

Ana cewa matsin hayaƙi da na iska su zama ɗaya bisa ɗaya. Haka ne?

Buri ne mai kyau, kuma motocin tsere masu babban turbo suna samunsa, har su yi ƙasa da shi. Amma turbon kamfani ƙarami ne da gangan, don ya cika da wuri a cikin gari, saboda haka a babban juyi ba abin mamaki ba ne matsin hayaƙi ya kai ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu na matsin iska. Idan ya haura biyu, musamman a motar da aka ƙara wa wuta da kwamfuta, turbon ya ƙure. Kana ƙara masa matsin iska, zafi kawai kake ƙarawa, doki ba ya zuwa. A ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, hayaƙi ne ke komawa ciki maimakon ya fita. Maganin a nan ba salansa ba ce, gidan fankar turbo ne ya yi kaɗan: a tashi daga A/R 0.63 zuwa 0.82 (A/R ma'aunin girman gidan ne), alal misali, a yarda da ɗan jinkirin cika.

Idan za ka kwatanta lambarka da ta wani, ku fara tantance yadda kowa ya yi lissafi. Matsin hayaƙi 30 da na iska 18, idan aka raba yadda geji ya nuna, 1.67 ne. Idan aka ƙara wa kowanne 14.7 na iskar duniya, 1.37 ne. Mota ɗaya, lamba biyu.

Maigidana a gareji ya ce inji yana buƙatar ɗan matsi, in babu ba zai ja ba. Ya ce ya gani da idonsa.

Abin da maigidanka ya gani gaskiya ne, kada ka raina shi. An sa wa mota ƙaton bututu, ta rasa ƙarfin tashi, aka mayar da na da, ta dawo. Fassarar ce ke buƙatar gyara.

Hayaƙi ba kwarara yake kamar ruwan famfo ba, dunƙule-dunƙule yake fita, kowace silinda da nata. Kowane dunƙule idan ya wuce da gudu yana barin zuƙa a bayansa, kuma idan tsawon manifol da kaurinsa sun dace, wannan zuƙa tana isa bakin bawul a daidai lokacin da zai taimaka: ta janye ragowar hayaƙi, ta fara jawo sabuwar iska. Bututu ya yi faɗi da yawa, hayaƙi ya yi sanyi ya rage gudu, zuƙar ta raunana, ƙarfin ƙasa ya tafi. To abin da inji ya rasa gudun hayaƙi ne, ba matsi ba. Siririn bututu yana ba da duka biyun a tare, shi ya sa aka yaba wa wanda bai yi aikin ba. Da matsi ne ke kawo ƙarfi, da indomin da ya toshe ya fi kowa gudu.

Akwai kuma dalili na biyu, musamman a tsofaffin motoci masu kafireto: an buɗe salansa, iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, mota ta rame. Gyaran mai take so.

Shi ya sa ba na son a zaɓi kaurin bututu da ido. Daga inci 2.5 zuwa inci 3 kamar ƙaramin ƙari ne, amma faɗin hanyar ya ƙaru da kashi 44 cikin 100. Idan geji ya nuna maka psi 2 a ƙololuwa da inci 2.5, babu abin da inci 3 zai ba ka a motar da ba ta da turbo sai ƙara. Bayan turbo kuwa maganar zuƙa ta ƙare, domin fanka ta riga ta daddatse dunƙulen, faɗi ba ya cutarwa.

Na tabbatar matsi ya yi yawa. Yaya zan gane wane ɓangare ne?

Ka bi bututun kana komawa baya. Ka auna gaban indomi, ka auna bayansa ta ramin sensa ta biyu. Gaba ya yi sama, baya ya yi ƙasa, indomi ne. Duka biyun sun yi sama, matsalar tana can baya: tukunyar tsakiya, tukunyar ƙarshe, ko bututun da dutse ya lotsa. Injin V6 ko V8 a auna kowane gefe daban, gefe ɗaya ya zama ma'aunin ɗaya.

Wurare uku da ake yawan mantawa. Bututu mai riɓi biyu, wanda na cikinsa kan ruɓe ya rufe hanya alhali na waje sumul. Mahaɗin nan mai saƙar waya da ke lanƙwasa, shi ma cikinsa kan tattare. Sai ƙofar da ke cikin salansar motoci irin su BMW da Corvette, wadda ke buɗewa idan an taka wuta: idan ta maƙale a rufe, mota tana numfashi da hanci ɗaya. Haka nan indomin da ya farfashe, gutsattsarinsa kan gangara su cushe tukunyar baya, a canza indomi matsala ta ƙi tafiya.

Motocin fetur da aka yi wa kasuwar Turai daga wajen 2018 da yawansu suna da ƙarin matatar ƙurar hayaƙi bayan indomi. Masu sensar matsi a jikinta, kwamfutar duba mota za ta karanta maka ba sai an huda komai ba.

Ba ni da wannan gejin, amma ina da na auna zuƙar iska. Zai yi?

Zai ba ka haske. Ka haɗa shi a manifol ɗin shigar iska. Inji mai lafiya a silo yana nuna inci 17 zuwa 21 na zaiba. Ka ɗaga zuwa 2,500 ka riƙe: allura za ta faɗi ta dawo ta tsaya. Idan ta riƙa zamewa ƙasa sannu a hankali, hayaƙi na taruwa. Ka tuna tudu yana rage karatun da kusan inci 1 a kowace mita 300, saboda haka motar da ke Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, za ta nuna ƙasa da ta Legas da kusan inci 4 tana lafiya lau. Kamshaf na tsere ma yana rage shi. Kuma wannan gwaji, kamar ɗan'uwansa na tsaye, babbar toshewa kawai yake kamawa.

Kwamfuta ta nuna P0420. Ba shi ke nan indomi ya toshe ba?

A'a. P0420, da P0430 na ɗaya gefen, cewa suke indomi ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Wanda aka fasa aka zubar da cikinsa ma wannan lambar yake bayarwa, ga shi kuwa a buɗe yake wayam. Wani kuma ya toshe bai ba da lamba ko ɗaya ba. Bindigar auna zafi ita ma ba ta raba wannan gardama.

Idan indomin ne, ba gara a fasa shi a huta ba?

Ranka ya daɗe, ba shawarata ba ce. Cikinsa tangaran ne mai kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake rububin sayen tsohonsa, shi ya sa kuma wasu ke saurin ce maka ya mutu. Aikinsa shi ne mayar da guba iskar da ba ta kisa. Ka cire shi, mai babur da ke bayanka a cunkoso da mai tallan da ke gefen titi su ne za su shaƙa, kai ma da iyalinka kuna ciki idan mota na silo a gida. A Amurka da ƙasashen Turai cire shi daga motar titi laifi ne.

Mai neman ƙarfi yana da mafita. Indomin kamfani yana da ƙananan ramuka 400 zuwa 600 ko fiye a kowane inci murabba'i, na gudu mai cikin ƙarfe yana da 200, yana tacewa kuma yana barin hayaƙi ya wuce.

Kafin ka sa sabo, ka nemo abin da ya kashe tsohon, domin da wuya ya mutu haka kawai. Fulogi ko kwayil da ke tsallake wuta yana tura ɗanyen fetur ya ƙone a cikinsa har ya narke. Nozul mai ɗiga haka. Injin da ke shan baƙin mai, ko gasket da ke zubar da ruwan lagireto cikin silinda, suna lulluɓe shi. Motar da aka sauke ƙasa tana buga shi a tudun rage gudu, kuma shiga ruwan damina da shi yana zafi yana tsaga shi. Tsarin kwamfutan nan da ke sa salansa harbi kamar bindiga idan an saki totur, shi ma da ran indomi ake biyansa.

Allurar gejina rawa take yi, ba na iya karantawa. Wani lokaci kuma ta kwanta a sifili.

Rawar daga dunƙulen hayaƙin nan ne. A sa geji mai ruwan gilisarin a ciki, ko a matse hanyar da ɗan ƙaramin rami a cikin tiyo, ko a sa ƙaramin gwangwani cike da soson ƙarfe tsakanin bututun jan ƙarfe da geji. Gwangwanin yana kwantar da rawa, yana kuma tare kunkunniya da ruwa. Kwanciya a sifili kuwa, ko allurar da ta hau ta ƙi sauka, yawanci siririn bututun ne ya cushe, ko akwai yoyo a mahaɗi. Ka cire shi ka busa da iskar kwamfuresa kafin ka yarda da kowane karatu. Gasket ɗin manifol da ke yoyo shi ma yana sa lamba ta yi ƙasa da gaskiya.

Na canza salansa, matsi ya sauka. Akwai abin da ya rage?

Akwai, musamman ga mai turbo. Yanzu fanka tana juyawa cikin sauƙi, matsin iska yana iya haura abin da aka tsara, wani lokaci ma ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo ta buɗe duka amma ya ci gaba da hawa a babban juyi. A duba matsin iska da ma'aunin fetur da iska a zagayen farko, a kai mota a sake daidaita ƙwaƙwalwarta kafin a fara wasa da ita. A maimaita awon a giya ɗaya, hanya ɗaya, da zafin rana mai kama da na farko, a rubuta lambobin a ajiye tare da takardun mota.

Mazaunin da aka yi walda kada a toshe shi da walda. A ɗaura masa noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, a shafa wa zaren man hana kamewa mai jure zafi, a sake ɗaure shi bayan mota ta yi zafi ta huce sau ɗaya ko biyu. Sensar da aka cire ita ma a shafa wa zarenta kaɗan, ban da kanta, sannan a goge lambar cek.